Yadda Ake Shirya Wasan Karrama Kundin Tubular Bells a Kan Dandamali

Tun da bidiyoyin wasannin cikar kundin Tubular Bells shekara 50 suka yaɗu a intanet, masu karatu da dama, musamman matasan da ke kaɗa fiyano da jita, suna ta aiko da tambaya iri ɗaya: ta yaya ƙungiyar makaɗa za ta ɗauki kundin da mutum ɗaya ya kaɗa kusan dukkan kayansa a situdiyo, ta gabatar da shi kai tsaye a gaban jama'a daga farko har ƙarshe? Abin da ake bukatar sani kafin a fara bai da yawa. Mike Oldfield, ɗan ƙasar Ingila, yana da shekara 19 ya naɗi kundin, kamfanin Virgin ya fitar da shi ranar 25 ga Mayu, 1973, kuma kashi biyu ne da suka kai kimanin minti 49 in an haɗa, ba tare da waƙa mai kalmomi ba. An gina shi ne ta hanyar ɗora sauti a kan sauti a na'urar naɗi mai layi 16, saboda haka akwai wuraren da kayan kiɗan da ake ji suka fi ƙarfin hannuwan kowace ƙaramar ƙungiya. Aikin mai shiri gaba ɗaya shi ne ya tantance sautin da dole hannun mutum ya kaɗa, da wanda za a miƙa wa wani kayan kiɗa, da wanda za a bari ya tafi. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

1. Ku tsayar da sigar da za ku bi

Kundin yana da siga fiye da ɗaya, kuma ƙungiyar da ba ta tsayar da ɗaya ba tun ranar farko za ta ɓata makonni tana musu a ɗakin gwaji. Akwai na asali na 1973, akwai wanda David Bedford ya tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic wanda ya fito a 1975, sannan akwai wanda Oldfield ya sake naɗa a 2003 saboda bai gamsu da wasu kurakuran lokaci da na saitin amo da ke cikin na farko ba. Shawarata ita ce ku ɗauki na 1973 a matsayin abin da za ku kwaikwaya, domin shi ne ke kunnen masu sauraro, ku riƙe na 2003 a matsayin abin duba aiki, domin layukan kiɗan sun fi fitowa sarai a cikinsa. Ku kalli kuma wasan kashi na farko da aka ɗauka wa gidan talabijin na BBC a ƙarshen 1973, inda za ku ga da idonku yadda aka raba layukan jita tsakanin mutane da yawa.

Hattara: Tubular Bells II na 1992 da Tubular Bells III na 1998 kundaye ne daban, ko da yake suna kama da na farko a wasu wurare. Makaɗin da ya koyi gabatarwar fiyano daga na biyu zai zo gwaji da kari dabam da na sauran.

2. Ku nemi izini kafin ku buga talla

Oldfield yana raye, kuma kiɗan yana ƙarƙashin kariyar haƙƙin mallaka. Izinin kaɗa shi a bainar jama'a yana fitowa ne daga ƙungiyar da ke tattara haƙƙin mawallafa a ƙasar da za a yi wasan: PRS for Music a Birtaniya, MCSN a Nijeriya, BNDA a Nijar. Ku fara tambayar masu zauren ko suna da lasisin da ya shafi wasannin kiɗa, domin wasu manyan wurare suna da shi, kuma in akwai, ku nemi a nuna muku a rubuce. Wannan izini na kaɗawa ne kawai. Ɗaukar bidiyon wasan a sayar ko a ɗora a YouTube, da buga rubutaccen kiɗan da kuka tsara a raba wa jama'a, da haɗa kiɗan da wasan kwaikwayo, kowanne yana iya bukatar izini na daban daga mawallafin kiɗan.

Hattara: hoton lanƙwasasshiyar ƙararrawar da ke bangon kundin, wato bututun ƙarfen da ake bugawa wanda kundin ya samo sunansa daga gare shi, aikin Trevor Key ne, kuma yana da masu shi. Kada ku sa shi a fosta, kuma kada ku rubuta tallar ta yadda mutum zai zaci Oldfield da kansa zai hau dandamali. Ko wasan da Robin A. Smith, mutumin da ya daɗe yana aiki da Oldfield, ya shirya a Royal Festival Hall ta Landan a watan Agusta 2021, an yi shi ne ba tare da mai kundin a kan dandamali ba.

3. Ku zana taswirar kundin

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Mutum ɗaya, wanda zai zama jagoran kiɗa, ya zauna da hedfon mai kyau da babbar takarda, ya ja layuka a tsaye da a kwance. A tsaye ya rubuta sassan kundin da mintin da kowanne ya fara, a kwance ya rubuta kayan kiɗa. Sigar 2003 ta sauƙaƙa wannan aiki, domin an raba ta gida 17 masu suna, 11 a kashi na farko da 6 a na biyu, kuma ku yi amfani da waɗannan sunaye a gwaji, saboda ya fi sauƙi a ce a koma farkon Basses ko Bagpipe Guitars da a ce a koma wajen nan da jita ta yi ƙara.

A kowane sashe jagoran ya saurara sau da yawa, kowane karo yana bin kayan kiɗa ɗaya tak, ya sa wa kowane layi ɗaya daga cikin alamomi uku. Alama ta farko ta layin da ke ɗauke da kari ce, wanda in babu shi mai sauraro ba zai gane sashen ba. Ta biyu ta layin da ke riƙe da ƙasa ce, wato bes da haɗin sautukan da kari ke tafiya a kansu. Ta uku ta ado ce, irin jita ta huɗu da ke ninka abin da ta uku ke yi, ko ogan da ke can baya ana jinsa da ƙyar. Dokar ita ce duk layin da ya sami alama ta farko ko ta biyu sai an ba shi hannun mutum, na uku kuwa sai in hannu ya rage.

Akwai manhajojin da ke rarrabe sautin kiɗa gida-gida, kuma suna taimakawa wajen fito da layin bes, amma ba sa iya raba jita da jita, wanda shi ne ainihin wahalar wannan kundi. Haka nan rubutattun kiɗan da ake samu kyauta a intanet suna da kurakurai da yawa, musamman a tsakiyar kashi na farko, don haka ku riƙa gwada duk abin da kuka samo da abin da kunnenku ya ji.

Bayan an gama taswirar, a ƙirga layuka masu alama ta farko da ta biyu a sashen da ya fi cunkoso. Wannan adadi shi ne zai faɗa muku yawan makaɗan da kuke bukata, kuma kusan koyaushe sashen shi ne ƙarshen kashi na farko.

4. Ku zaɓi makaɗa ku raba musu aiki

An taɓa yin wannan kundi da mutum biyu kacal. Daniel Holdsworth da Aidan Roberts, 'yan Ostareliya, sun zaga duniya da wasan Tubular Bells for Two, inda suke kaɗa kaya sama da 20 suna gudu daga wannan zuwa wancan, da taimakon na'urorin maimaita sauti da ake takawa da ƙafa. Abin sha'awa ne, amma ban ba wa masu farawa shawarar su bi wannan hanya ba, domin kuskure ɗaya a na'urar maimaitawa yana komowa kunnen jama'a a kowane zagaye har sashen ya ƙare.

A ganina mutum bakwai zuwa tara su ne daidai: masu kibod biyu, ɗaya ya riƙe fiyano ɗaya ya riƙe ogan da sauran sautuka, masu jita uku, wanda aƙalla ɗaya daga cikinsu ya iya mandolin da jitar Sifen mai tsirkiyar nailan, mai bes ɗaya, mai kayan bugu ɗaya, da mata biyu masu amshi, domin akwai muryoyi marasa kalmomi a ƙarshen kashi na farko da cikin na biyu. In ɗaya daga cikin mawaƙan ta iya busa sarewa, kun huta da neman mutum na goma.

Hattara wajen zaɓen mai ganga. Cikakken jerin gangunan rok a sashe ɗaya kawai ake jinsa, wato Caveman a kashi na biyu. Wanda kuke bukata shi ne mai haƙurin tsayawa minti goma bai taɓa komai ba, sannan ya buga gilokanshifil, wato ƙananan sandunan ƙarfe masu zaƙin amo, da manyan gangunan timfani, da ƙararrawar kanta. Rashin ganga yana nufin babu mai riƙe wa ƙungiya lokaci a mafi yawan wasan, don haka nauyin yana kan mai fiyano da mai bes, kuma su ne ya kamata su fi kowa ƙwarewa a cikinku.

A taswirar ku rubuta wanda ke riƙe da wane kaya a kowane sashe, ku duba musamman wuraren sauyi. Mai jitar da zai ajiye ta lantarki ya ɗauki mandolin yana bukatar daƙiƙoƙi da yawa, kuma in taswira ta nuna yana ƙare wani layi a daidai lokacin da zai fara wani da kaya daban, to a nan take a miƙa ɗaya daga cikin layukan ga wani.

5. Ku tara kayan kiɗa, ku fara da ƙararrawa

Jita da bes da kibod ba su da wahalar samu. Kibod mai nauyin maɓallai irin na fiyano ta gaske ta fi dacewa da gabatarwar, kuma ta biyun ta kasance tana da sautin ogan mai siriri irin na Farfisa, domin da shi aka yi kundin. Timfani in ba a samu ba, babbar gangar ƙasa ta jerin ganguna da aka sassauta fatarta tana iya tsayawa a madadinta, kibod kuma ta ƙara mata amo daga ƙasa.

Ƙararrawar ita ce abin da ba a yi wa wayo. Cikakken jeri yana da bututun tagulla 18 da ke rataye a kan firam, faɗin kowanne inci ɗaya da kwata ko inci ɗaya da rabi, da feda a ƙasa da ke kashe amo ko ta sake shi. Sayen sabo ya fi ƙarfin yawancin ƙananan ƙungiyoyi, don haka haya ce hanya, kuma wuraren da za a tambaya su ne ƙungiyoyin badujala na soja da na 'yan sanda, da sassan koyar da kiɗa na jami'o'i, da manyan majami'u. Ku fara wannan nema tun kafin ku kama zaure, ku tabbatar an duba igiyoyin da bututun ke rataye da su, kuma a ɗauko su a kwance, kowanne a naɗe da bargo, domin bututun da ya lotsa ba ya komawa amonsa.

In haya ta gagara, ana iya yanka bututun tagulla ko na alminiyam a gida, kuma ba sai an yi 18 ba, sai dai adadin sautukan da taswirarku ta nuna ana bukata. Ka'idar ita ce amon bututu yana hawa ne gwargwadon murabba'in raguwar tsayinsa, saboda haka idan aka rage kusan kashi 3 cikin 100 na tsayi amo zai hau rabin mataki, wato daga maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi, idan kuma aka mayar da shi kusan kashi 71 cikin 100 na tsayinsa zai hau cikakken oktef, wato rabin mataki sau 12. Ku yanka da ɗan rara, ku riƙa gogewa da zarto kaɗan-kaɗan kuna gwadawa, domin abin da aka yanke ba ya dawuwa. Wajen gwadawa ku dogara da kunne da fiyano fiye da na'urar saita amo, saboda bututu yana fitar da amo da yawa a lokaci guda, kuma na'urar takan kama wanda ba shi kunne ke ji ba.

Hattara: sanannen labari ne cewa a situdiyo an buga ƙararrawar da gudumar kafinta don a sami ƙarar da ake so, har bututu ya tsage. Kada ku kwaikwayi wannan da kayan haya. Ana bugun bututu ne a gefen murfinsa na sama da gudumar fata ko ta roba mai tauri, ƙarar kuma makirfo ne zai kawo ta. Sannan tunda ba a iya saita ƙararrawa, ita za a bi: wasu an ƙera su a kan ma'aunin saiti na 442, wasu a kan na 440 wanda ya ɗan fi shi ƙasa, don haka a daidaita kibod da jita da abin da bututun ya bayar.

Na san za a ce kibod ma tana da sautin ƙararrawa. Tana da shi, amma mutanen da suka sayi tikiti sun zauna fiye da minti 20 suna kallon bututun nan a tsaye ba a taɓa su sosai ba, suna jiran lokacin da za a ɗaga guduma. Ba na ganin ya dace a hana su wannan.

6. Ku samo madadin dabarun tef

Sautuka uku a kundin ba daga hannu kaɗai suka fito ba. Na farko jita mai ninkin gudu, wadda aka naɗa tef yana tafiya a rabin saurinsa, da aka mayar da shi daidai sai amon ya hau oktef guda, saurin kuma ya ninka. A dandamali ana samun kusa da wannan ta hanyar fedar da ke ɗaga amo oktef ɗaya, ko a ba mai mandolin layin, ko a raba shi tsakanin mutum biyu. Na biyu jitocin da ke kwaikwayon algaitar Sikotlan a kashi na biyu, waɗanda ke bukatar sauti mai kauri da ke daɗewa bai mutu ba, da jita biyu ko uku suna tafiya tare, da hannun hagu mai girgiza tsirkiya da sauri. Oldfield da yatsu da farce yake kaɗawa, ba da ɗan filastik ba, kuma mai jitar da ya gwada haka zai ji sautin ya matso kusa. Na uku gurnanin Caveman, wanda aka naɗa tef yana gudu da sauri don muryar ta yi ƙasa in an dawo da shi. A nan na'urar sauke amon murya ta wadatar, kuma wanda zai yi ya bar na'urar ta yi masa kaurin, kada ya kashe maƙogwaronsa tun a gwaji.

7. Ku tsara gwaji daga mai wuya zuwa mai sauƙi

Kada ku fara daga minti na farko ku bi a jere, domin ƙungiyoyin da suka yi haka sukan iso ranar wasa da gabatarwa mai kyau da kashi na biyu mai rauni. Kowa ya fara koyon layinsa a gida, sannan a yi ƙananan zama, masu jita su kaɗai, masu kibod da mai bes su kaɗai, kafin a haɗu gaba ɗaya. Ƙungiyar da ke haɗuwa sau biyu a mako ta ware wa aikin wata uku zuwa huɗu.

Abu na farko da za a kama shi ne gabatarwar fiyano. Zagayenta yana da gajerun bugu 30. Wasu suna rubuta shi gida biyu na 15, wasu kuma 7, 7, 7, 9, kuma na fi son na biyun domin ya fi bin yadda karin ke numfashi. Mai fiyano ya yi ta maimaitawa a hankali har hannunsa ya daina jiran ƙidaya, domin zai riƙe wannan zagaye na mintuna alhali wasu layuka suna shigowa a kansa da tasu tafiyar. Sauran makaɗa kada su yi ƙoƙarin ƙirga bakwai-bakwai tare da shi, su koyi gane farkon zagaye kawai, su ƙirga zagaye nawa ne kafin shigarsu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a cike bugun da ya ɓace a mayar da bakwai takwas, sai kiɗan ya daidaita ya rasa ɗingishin da ke sa shi jan hankali. Ɗaya kuskuren shi ne gudu, domin tsoro yana sa mai fiyano ƙara sauri.

Abu na biyu shi ne ƙarshen kashi na farko. Wajen minti na 17 bes ke kama wani zagaye mai sauri da zai riƙe na mintuna da yawa ba hutu, don haka mai bes ya gina ƙarfin hannunsa tun da wuri, mai jita ɗaya kuma ya ninka layin don in hannu ya gaji kada ƙasa ta rufta. A kan wannan zagaye ne mai gabatarwa, wanda a kundin asali Vivian Stanshall ne, a na 2003 kuma John Cleese, yake kiran kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shigo da kari iri ɗaya: fiyano, ogan, gilokanshifil, bes, jita mai ninkin gudu, jitoci biyu masu kaurin sauti, mandolin, jitar Sifen tare da jitar katako, sai ƙararrawa. Kira tara ke nan. Aikinsa kamar na sanƙira ne, kuma ban ga laifi a yi kiran da Hausa ba in masu sauraro Hausawa ne, muddin kowane kira ya ƙare daidai kafin bugun farko na mai shigowa. Saboda haka mai gabatarwa ya halarci gwaji kamar kowane makaɗi.

Hattara a wannan sashe: in fiyano ta shigo da dukkan ƙarfinta, kowa zai ƙara a kanta, kafin a kai ga mandolin an cika zaure da ƙara, ƙararrawa kuma ta iso ba ta da wurin tsayawa. Ku fara ƙasa-ƙasa, kuma duk wanda ya gama nasa zagayen ya ja baya ya bar wa na gaba fili. Bayan ƙararrawa muryoyin mata ke ɗaukar karin, sannan komai ya lafa ya bar jitar katako ita kaɗai, kuma wannan saukowa tana bukatar gwaji kamar yadda hawan yake bukata.

Abu na uku shi ne mahaɗai. Ku ware zama guda da ba za a kaɗa komai ba sai daƙiƙa 20 na ƙarshen kowane sashe da 20 na farkon mai bi masa, a tsayar da wanda zai ba da alama a kowace mahaɗa, da kai ko da wuyan jita. Sai a zo kan kashi na biyu, wanda yawancinsa a natse yake, kuma natsuwar ce ke tona asirin jitar da ba ta saitu ba. Yana ƙarewa da The Sailor's Hornpipe, tsohon kiɗan gargajiya na matuƙan jirgin ruwa, wanda saurinsa ke ƙaruwa a kowane zagaye, don haka a fara shi a saurin da zai bar wa mai mandolin sarari a ƙarshe. A makonni biyu na ƙarshe a riƙa kaɗa kowane kashi daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa ko an yi kuskure, ana naɗa a waya ana saurare tare.

8. Ku yanke hukunci kan naɗaɗɗen sauti

Za a kawo shawarar a sa kwamfuta ta riƙa kunna layukan da hannu bai kai gare su ba. In za a yi, a taƙaita shi ga layuka masu alama ta uku, kuma a sani cewa yana tilasta wa kowa bin ƙyas-ƙyas ɗin agogon kiɗa a kunne, wanda ke hana sassan natsuwa numfashi. Ra'ayina shi ne a bar agogon a gabatarwa kaɗai, a kunnen mai fiyano, sauran a yi da hannu. Kada a taɓa kunna wani yanki na ainihin kundin a cikin wasan, domin wannan wani haƙƙi ne daban da ke hannun kamfanin faifai.

9. Zaure, sauti da wutar lantarki

Ku nemi zauren zama mai kujeru, wanda ba ya amsa kuwwa da yawa, domin fili a buɗe yana cinye sassan natsuwa. Ku ƙirga layukan da za su shiga miksa tun daga taswira. Ƙungiya irin wannan takan bukaci 24 ko fiye. Injiniyan sauti ya sami kwafin taswirar, ya halarci aƙalla gwaji biyu na ƙarshe, domin shi ne zai ɗaga kowane kaya a lokacin da aka kira shi. A ajiye ƙararrawa a baya, a wuri mai ɗan tudu inda kowa zai gan ta, nesa da makirfon mawaƙa da na jitar katako, mai bugunta kuma ya toshe kunnensa.

Hattara da wuta: inda ake dogara da janareta, a ajiye shi nesa da zaure, a tayar da shi tun kafin a fara, a zauna a kansa har a gama. Ɗaukewar wuta ta daƙiƙa biyu tana kashe kibod da miksa na zamani, kuma kafin su farfaɗo su dawo da saitinsu sashe ya wuce, don haka a haɗa su da batirin riƙon wuta. A kunna na'urar sanyaya ɗaki sa'a guda kafin wasa a bar kayan tsirkiya a ciki su saba, musamman a lokacin hunturu, sannan a sake saita su a hutun tsakiya.

10. Lissafin kuɗi

Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, amma jerin abubuwan ɗaya ne: hayar kayan sauti da injiniya, wanda yawanci shi ne mafi tsada, zaure, ɗakin gwaji na watanni, hayar ƙararrawa da motar ɗaukarta da kuɗin ajiya na ɓarna, man janareta, lasisi, sababbin tsirkiyoyi da batura, talla, da haƙƙin makaɗa, wanda a tsayar da shi a rubuce tun farko. Ku tara jimilla, ku ƙara kashi 10 cikin 100 na abin da ba a zata ba, ku raba da rabin kujerun zauren. In kuɗin tikitin da ya fito ya fi ƙarfin mutanen garinku, a nemi ƙaramin zaure ko mai ɗaukar nauyi, kada a rage daga kayan sauti. A wajen talla yana da amfani a tuna wa mutane cewa gabatarwar fiyanon ita ce aka ji a fim ɗin The Exorcist na 1973, amma a bayyana cewa sauran kiɗan ba na ban tsoro ba ne, don kada su zo da tsammanin wani abu dabam.

11. Ranar wasa

A kafa kaya da safe, a yi gwajin sauti da rana a wannan tsari: ƙararrawa da ganguna, bes, kibod, jitocin lantarki, kayan katako, muryoyi, sannan a kaɗa ƙarshen kashi na farko gaba ɗaya da sashe ɗaya mai natsuwa. Minti 49 bai cika dare ba, don haka a buɗe da gajeren kiɗa na minti 15 zuwa 20, a yi hutu tsakanin kashi na farko da na biyu, kuma a tsara lokacin farawa yadda sallah ba za ta faɗo a tsakiyar kashi ba. Kafin a fara, mai gabatarwa ya sanar cewa kowane kashi yana tafiya fiye da minti 20 ba tsayawa, ya roƙi a kashe ƙarar waya, a kuma rufe ƙofa har zuwa hutu. Kowane makaɗi ya manna ƙaramin kwafin taswira a ƙasa kusa da ƙafarsa, a ajiye jita ɗaya da aka saita a gefe saboda tsinkewar tsirkiya, da guduma ta biyu kusa da ƙararrawa. Bayan an tashi, a cire bututun ɗaya-ɗaya a naɗe su kafin a fara kwashe sauran kaya, a kuma aika wa ƙungiyar haƙƙin mallaka jerin abin da aka kaɗa kamar yadda lasisin ya tanada.